Ƙara wa injin Hilux ƙarfi da kwamfuta: me ake samu, me ke lalacewa?

Tambaya: Ina da Hilux ta 2012 mai injin gas 3.0 D-4D, giyar hannu, ta ci kilomita 210,000. Da ita nake jigilar kaya tsakanin Kano, Jos da Lafiya, kuma tana yin nauyi a hawa idan an yi mata lodi. Wani mai aikin kwamfutar mota ya ce zai sake rubuta mata biren bos, ƙarfinta ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, shan mai kuma ya ragu. Gaskiya ne? Injin zai jure?

Amsa: Malam, maganar ƙarin ƙarfi ba ƙarya ya yi maka ba. Injin da ke motarka, 1KD-FTV, ya fito daga kamfani da ƙarfin doki kusan 171 da ƙarfin murɗawa Nm 343, kuma da kwamfuta kaɗai ana iya kai shi wajen doki 220 da Nm 445. Ranar da aka yi aikin za ka ji motar kamar an canja maka wata. Amma a kan motar da ta ci kilomita dubu ɗari biyu, tana ɗaukar kaya, tana hawan dutse cikin zafin rana, kada ka yarda da kashi 30. Idan har za a taɓa ta, kada a wuce kashi 10 zuwa 15, shi ma sai bayan an auna lafiyar injin, an kuma sa agogon da ke nuna zafin hayaƙi.

Biren bos, wato ECU, yana ɗauke da jadawalai da ke gaya wa inji abin da zai yi a kowane gudu da kowane takun totur. Sake rubuta waɗannan jadawalai shi ake kira rimaf. Mai rimaf abu huɗu yake taɓawa: tsawon lokacin da nozul zai buɗe, matsin gas a cikin rel (bututun da ke raba wa nozul gas), lokacin da feshin zai fara, da yawan iskar da turbo zai tura. Bayan waɗannan akwai iyakokin da kamfani ya kafa, ɗaya na hana murɗawa wuce kima, ɗaya na hana gas ya fi ƙarfin iskar da ke akwai. Injin gas ba ya samun ƙarfi sai da ƙarin mai, ƙarin mai kuwa ƙarin wuta ne a kan fistan. Saboda haka duk dokin da aka ƙara maka, daga rarar da Toyota ta bari aka ciro shi.

Wannan rarar ba rowa ba ce. An bar ta ne domin ranar da abubuwa suka haɗu: gas marar kyau, filtar iska da ƙura ta toshe, lagireto da ya fara cushewa, direban da ya maƙale a giya ta huɗu da lodi. Mai mota a Jamus yakan yi shekaru bai taɓa wannan rarar ba, shi ya sa rimaf ke zauna masa lafiya. Mu kullum a cikinta muke ci. Iskar da ta kai digiri 45, irin ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afirilu, ta fi ta digiri 20 rashin kauri da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, ba ta iya sanyaya iska ƙasa da zafin garin da take ciki. A tudun Jos, mita 1,200 da ɗoriya sama da teku, matsin iska ya ragu da kusan kashi 13. Ka haɗa da gas ɗin da wani lokaci an surka shi da kananzir ko ya sha ruwa a tanki. Yawancin fayilolin rimaf da ake saukewa daga intanet an gwada su ne a kan gas ɗin Turai, mai ƙarancin salfa da saurin kama wuta, a ƙasar sanyi, a motar da ba kaya a bayanta.

Ka duba abin da Toyota da kanta ta yi. Injin 2.8, 1GD-FTV, ya fito a 2015 da doki 177 da Nm 450 a giyar otomatik. A 2020 suka kai shi doki 204 da Nm 500. Ƙarin dokin wajen kashi 15 ne kawai, amma ba su tsaya ga rubutun kwamfuta ba: sun sa turbo mafi girma, sun sake tsarin feshin mai, sun gyara hanyoyin sanyaya inji. Kuma a mai giyar hannu sun bar murɗawar a Nm 420 kamar da. Masu injin a hannu ke nan, da ɗakunan gwaji. Wanda ya zo maka da laftof da waya ɗaya ya ce zai ninka wannan ƙarin ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba, ka tambaye shi wane ƙarfe ne zai ɗauki nauyin.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Fistan na alminiyam ne, alminiyam zalla kuwa a digiri 660 yake narkewa, wanda aka gauraya domin yin fistan ma yana fara laushi tun kafin nan. Hayaƙin da ke fita daga silinda yakan fi haka zafi, abin da ke ceton fistan shi ne man inji da ake fesa masa daga ƙasa da kuma iskar da ke shigowa kowane zagaye. Ƙa'idar da masu aikin gas ke bi ita ce kada zafin hayaƙi kafin turbo ya zauna sama da digiri 700 zuwa 720 na dogon lokaci. Idan bayan turbo aka dasa ma'aunin, zai nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 zuwa 200, don haka 550 a can ya riga ya isa a ɗaga ƙafa. Abin da ke yaudarar direbobi shi ne allurar zafin ruwa da ke dashbod ba ta san wannan labarin ba. Zafin hayaƙi yana iya tashi daga 500 zuwa 800 cikin daƙiƙoƙi kaɗan a Hawan Kibo da ke hanyar Akwanga zuwa Jos, allurar ruwa tana tsaye a tsakiya kamar ba abin da ke faruwa.

Shi kuma 1KD yana da nasa tabon tun ba a taɓa shi ba. An san shi da tsagewar fistan, musamman na shekarun da motarka ta faɗo ciki. Tsagar takan fara ne daga leɓen ramin da ke kan fistan, inda wuta ta fi duka, ta bi ta ratsa kansa. Alamarta ba ta ɓuya: inji ya fara kakkaɓi, farin hayaƙi ya turnuƙe, idan ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka ga yana huci kamar tukunyar da ke tafasa. Nozul da ya tsufa shi ne babban abokin wannan ciwo, domin maimakon ya fesa gas kamar hazo sai ya riƙa tsartuwa wuri guda, ya ƙona gefe ɗaya na fistan. Nozul mai kilomita 210,000, in ba a taɓa canja shi ba, yana bakin wannan hali. Rimaf zai sa ya daɗe a buɗe da matsi mafi yawa, wato a ƙara wa Barno dawaki.

Akwai kuma wasa, wato ƙaramin zoben ƙarfe mai hana yoyo, da ke ƙarƙashin kowane nozul. Idan ta fara yoyo, hayaƙin ƙonewa yana kutsawa cikin baƙin mai, ya mai da shi dunƙulen gawayi, gawayin ya gangara ya toshe rariyar famfon mai a cikin sam. Mai ya daina kaiwa ga mital da turbo, inji ya buga. Ƙarin matsi a silinda yana gaggauta wannan yoyon. Dubawar ba ta da wuya: ranar juye, bayan mai ya tsiyaye, a haska tocila ta ramin notin sam a leƙa rariyar. Idan ragar ta fito fes, madalla. Idan an ga baƙin abu ya lulluɓe ta, maganar rimaf ta tsaya sai an sauke sam an canja wasoshin.

Za a iya kawo maka wata hanya, akwatin da ake soka wa a waya ba tare da an taɓa ECU ba. Irin mai araha yana shiga tsakanin sensar matsin rel da ECU, ya riƙa faɗa masa cewa matsi ya yi ƙasa, shi kuma ya umarci famfo ya ƙara. Waɗannan injina suna aiki da matsin bar 1,600 zuwa sama da 2,000 gwargwadon samfuri, ga shi an tura su gaba da haka alhali kwakwalwar motar ba ta sani ba. Famfo yana wahala, bakin nozul yana zaizayewa, bawul ɗin kariya da ke ƙarshen rel yana buɗewa, kuma idan ya buɗe sau da yawa yakan saki, mota ta riƙa mutuwar jiki a tsakiyar obatekin. Rimaf da gwani ya yi ya fi wannan akwati aminci, domin aƙalla ECU na ganin lambobin gaskiya. Na'urar totur da ake liƙawa kusa da sitiyari ba ta ƙara ko doki ɗaya, takun ƙafarka kawai take zuzutawa. Su kuwa 'yan ƙananan robobin nan ja da rawaya da ake cusawa a soket ɗin OBD, inda ake jona kwamfutar duba mota, waɗanda aka fasa an tarar ba abin da suke yi sai kunna fitila.

Turbo ɗin motarka mai fukafukan da ke motsi ne, ƙaramin moto na lantarki ke juya su, kuma sandarsa tana wuce zagaye 150,000 a minti. Daga kamfani yana tura wajen bar 1 na iska. Ƙarin bar 0.1 ko 0.2 ba ya kashe lafiyayyen turbo. Abin da ke kashe shi shi ne a nemi matsin da ya fi girmansa, musamman a kan tudu inda sai ya ƙara gudu kafin ya tara iskar da aka nema. Daga nan iskar da yake turawa ta fi zafi, amfaninta ya ragu, sandar ta fara wasa. Idan fanka ta fashe, gutsattsarinta intakula suke shiga, wani lokaci har silinda. Ta ɗaya gefen kuma, mai rimaf da ya ƙara gas bai ƙara iska ba ya fi kowa ɓarna. Gas yana ƙonewa daidai a kan iska kashi 14.5 ga mai kashi 1, amma injin gas yana son rara sosai. Da an sauko ƙasa da wajen 18 ga 1 baƙin hayaƙi zai bayyana. Wasu na ɗaukar wannan hayaƙin alamar ƙarfi. Man da ka saya ne yake fita bai ƙone ba, yana gasa bawul da turbo a hanyarsa, sauran kuma ya zama toka a cikin baƙin mai.

Sau da yawa ma kuloc ne ke fara kuka kafin inji. An yi shi ne daidai Nm 343 da 'yar rara, kuma naka ya sha aiki. Gwajinsa: a giya ta huɗu, inji na wajen zagaye 1,800, ka take totur har ƙasa. Idan allurar zagaye ta yi tsalle gudun mota bai bi ta ba, yana sulɓi. Fayil ɗin da ke zuba murɗawa mai yawa tun daga zagaye 1,400 ko 1,500 shi ne mafi daɗi a ƙafa, shi ne kuma mafi cutarwa, domin a wannan gudun kowace fashewa duka ce mai nauyi a kan mital, kuloc da haƙoran giya, ga iska ba ta wadata ba tukuna. Giya ta biyar ba ta jan kaya a hawa ba ce ko a motar da ba a taɓa ba. Masu otomatik su kuma zafin man giya ne matsalarsu: da ya riƙa wuce digiri 120 yana saurin lalacewa, sai an ƙara masa kula ta daban. Birki kuwa yana nan yadda yake. Motar da ta fi saurin hawa da tan guda a baya, saukowarta daga Jos zuwa Akwanga da birkin jiya za ta yi.

Kusan duk mai rimaf zai ce a toshe EGR a haɗa. Gaskiya ne EGR na mayar da hayaƙi cikin inji, hayaƙin ya haɗu da tururin mai ya zama kwalta a manifol. Amma aikinsa rage zafin ƙonewa ne da iskar gubar da ke fita ta salansa, wadda masu talla a bakin titi da yaran unguwa ke shaƙa. Wanke shi da sa gwangwanin tare tururin mai yana magance kwaltar ba tare da an kashe shi ba. Toshe shi da faranti ba tare da an daidaita ECU ba yana kawo fitilar cek da hauhawar matsin turbo. A Turai da Amurka cire EGR ko DPF, wato matatar tokar hayaƙi, daga motar da ke hawa titi laifi ne, shi ya sa ba kamfanin kirki da ke tsaya wa irin waɗannan fayiloli. Wanda motarsa sabuwa ce kuma ya sani cewa rimaf na ɓata garantin inji da giya, kuma dila na iya gane an taɓa.

Batun ragin shan mai, kada ka gina lissafi a kai. Idan direba bai canja tuƙinsa ba, rimaf mai kyau yana iya rage ɗan abu kaɗan saboda an rage sauya giya. Wanda ya yi amfani da ƙarin ƙarfin zai biya shi a gidan mai. Lambar da dashbod ke nunawa kuma daga lissafin ECU take fitowa, to idan akwati na yi masa ƙarya game da matsi, ita ma lambar ƙarya ce. A cika tanki, a rubuta kilomita, a sake cikawa a famfo ɗaya, a yi haka sau uku kafin aiki da bayansa.

Ni abin da na fi zato game da motarka shi ne ba ƙari take nema ba, dokinta na asali ne suka zube a hanya. Kafin ka kashe ko sisi a rimaf, a sa mata Techstream ko wata kwamfutar da ke karanta bayanan Toyota kai tsaye. A duba gyaran da ECU ke yi wa kowane nozul, da sanyin safiya da kuma bayan inji ya yi zafi. Wanda ya kusa 3.0 sama ko ƙasa ya gaji. A kwatanta matsin rel da ake nema da wanda ake samu lokacin da aka take mota, domin bawul ɗin SCV da ke jikin famfo yakan gaji ya hana mai isa. A auna kwamfireshan, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A ciro sensar MAP mai auna matsin iska a wanke ta da siririn bututunta, a wanke sensar MAF mai auna yawan iskar da ke shiga da abin wankinta na musamman. A buɗe manifol: a irin wannan kilomita ba abin mamaki ba ne a tarar kwalta ta cinye rabin hanyar iska, har a kankare ta da cokali. A bi robobin intakula a nemi tsaga, inda ka ga jiƙewar mai a jikin roba nan iska ke gudu. A wanke lagireto ciki da waje, a tabbatar fankar inji na kamawa idan ta yi zafi. Idan an taɓa cire tamostat, kamar yadda aka saba a garejojinmu, a mayar da shi, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba ECU ba ya ba shi mai yadda ya dace. Bel ɗin taimin na 1KD kilomita 150,000 ne wa'adinsa, a tabbatar an canja.

Ka duba taya ma. Daga 265/65R17 zuwa 285/70R17 tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, jan mota a kowace giya ya ragu da kwatankwacin haka. Sannan lodi: abin da aka yi wa motar bai wuce tan ɗaya ba har da mutanen ciki, wato ƙasa da buhun masara goma masu kilo ɗari-ɗari. Mai ɗora sha biyar ba rimaf ne maganinsa ba.

Idan duk an gyara waɗannan, ka ga har yanzu kana son ƙari, to ga sharuɗɗan da za ka gindaya. A fara karanto fayil ɗin asali na motarka, a ba ka kwafinsa a filasha ka adana. Sabon fayil a gina shi a kan naka, ko a kan wanda lambar manhajarsa ta yi daidai da ta ECU ɗinka harafi da harafi, domin Hilux ta Turai, ta Tailan da ta Afirka ta Kudu ba lallai jadawalinsu ya zo ɗaya ba ko da injin iri ɗaya ne. Lokacin rubutawa a haɗa batir da caja mai riƙe wuta daram wajen bolt 13. Wuta ta yanke a tsakiya, ECU na iya mutuwa, sai an nemo wani a sake haɗa shi da makulli da lambobin nozul. A bar matsin rel kusa da na kamfani. Kada a kashe iyakar hayaƙi, kada a goge lambobin gargaɗi irin P0088 na matsin mai da P0234 na matsin turbo. Mai goge su ƙararrawa yake cirewa don kada ka ji. Murɗawa ta tsaya tsakanin Nm 380 da 395, ta kuma hau a hankali daga zagaye 1,800 zuwa sama. Idan akwai daino, wato na'urar auna ƙarfin mota, a gwada kafin da bayan aiki. Idan babu, a ɗora kayan da ka saba ɗauka, a hau tudu da rana tsaka, kwamfuta na ɗaukar matsin turbo, matsin rel da zafin iskar shiga, wani kuma na bin ku a baya yana kallon salansa. Gwajin zagaya unguwa da mota fanko ba ya nuna komai.

Agogon zafin hayaƙi a dasa ma'auninsa a manifol kafin turbo, a huda a lokacin da aka sauke shi don kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa cikin fanka. Daga nan tuƙi ya koma bin agogo: ya doshi 700, a sauko giya ɗaya, a bar inji ya yi zagaye 2,500 zuwa 2,800 da rabin totur, za ka ga allurar ta sauka da kanta saboda iska ta ƙaru. Juye ya dawo kowane kilomita 5,000 da man da aka yi wa injin gas. A ƙara filtar gas ta biyu mai raba ruwa. A bar filtar iska ta takarda irin ta kamfani. Ta soso mai jiƙe da mai tana barin ƙurar hunturu ta wuce, man nata kuma yana ɓata MAF. Bayan doguwar tafiya ko hawa, a bar inji ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Idan ba kai ke tuƙa motar da kanka ba, ka yi tunani sau biyu, domin duk wannan tsarin ya rataya ne a kan ƙafar wanda ke kallon agogon.

Masu Hilux ta fetur 2.7, 2TR-FE, wadda ta fi yawa a hannun hukumomi da kamfanoni a Najeriya, su lissafinsu gajere ne. Ba turbo, don haka ba iskar da za a ƙara. Abin da ake samu 'yan dawakai ne ta hanyar gaggauta tartsatsin fulogi, shi ma sai da fetur mai oktan 95 ko 98. Da fetur ɗin gidan mai na yau da kullum inji zai fara ƙarar ƙwanƙwasa, sensa ta ji, ECU ya janye abin da aka ƙara.

Bayan rimaf, abu huɗu ne idan ka ga ɗayansu za ka mayar da fayil ɗin asali a ranar, kafin a fara neman dalili: baƙin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu da take totur, ƙarar ƙwanƙwasa mai kaifi da sanyin safiya wadda da babu ita, ruwan lagireto da ke raguwa ko robarsa ta sama ta yi tauri kamar itace tun inji bai yi zafi ba, da mota ta riƙa shiga yanayin rarrafe a hawa, wato ECU ya rage mata ƙarfi don kare inji. Na ukun yana nufin gasket ya fara barin matsin silinda ya shiga ruwa, kuma a wannan matakin gasket da notocin kan silinda kawai za ka saya. Idan aka ci gaba da lodi a haka har ta tafasa, kan silindar na alminiyam ne, yana lanƙwashewa ko ya tsage.